Inabin Gidan Damyana

Abakar bai taɓa zaton zai ci abinci da ɗaukar mutum ba. Shi manomi ne, haifaffen Mai Wurno, garin Hausawa a ƙasar Sudan, kuma tun yana saurayi abin da ya sani shi ne lambunsa na bakin kogi, lemun tsami da gwaiba da 'yan bishiyoyin mangwaro da ya gada wurin mahaifinsa. Da yaƙi ya matso yankinsu, matarsa Awadiyya ce ta yanke maganar. Mahaifiyarta na kwance, ko banɗaki sai an kai ta, ba yadda za a yi a ɗora ta a bayan mota a ratsa hamada da ita. Ta ce masa ya ɗauki 'yarsu Nuha ya fita da ita, ita za ta zauna da tsohuwa har Allah Ya yi ikonSa. Sun sha ja-in-ja kafin ya yarda. Ranar tafiya ba ta raka su tasha ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, kamar kasuwa za su je su dawo.

A Alƙahira suka samu ɗaki a unguwar Arba wa Nus cikin 'yan'uwansu 'yan Sudan, a saman wani bene da ba a ma shafe shi ba. Nuha, da ta gama sakandare tun a gida, ta samu koyar da ƙananan yara a wata makarantar 'yan gudun hijira. Shi kuwa ya yi dako, ya yi gadi, kafin wata maƙwabciyarsu ta haɗa shi da wata mata a unguwar Abbasiya mai suna Samar. Ma'aikaciyar jinya ce, tana neman namiji mai ƙarfi da haƙuri da zai kula da mahaifinta da rana idan ta tafi aiki.

Mahaifin nata, Ammu Ishaq, wato Kawu Ishaq da Larabci, Kirista ne daga cikin Ƙibɗawan kudancin Masar, tsohon direban jirgin ƙasa. Shanyewar ɓarin jiki ta cinye masa hagu, bakinsa ya ɗan karkace, hannun daman da ya rage masa kuma rawa yake yi. Amma maganarsa na nan daram, kuma yana son ta. Abakar kan iso da hantsi, ya yi masa wanka, ya yi masa aski, ya cicciɓe shi ya ajiye a kujerar baranda, sannan tsohon ya buɗe hira. Bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai Abu Nuha, wato baban Nuha. Samar ta ware wa Abakar wani ɗan ɗaki da babu hotuna a bango, ta nuna masa alƙibla. Sau da yawa ma tsohon ne ke katse labarinsa ya ce, "Tashi, Abu Nuha, an kira salla. Labarin ba inda zai je."

Labarin kuwa kusan kullum ɗaya ne. Shekara da shekaru yana tuƙa jirgin kudu, yana wucewa ta gefen ƙauyensu, amma ƙauyen ba shi da tasha. Sai dai ya danna ham idan ya hango dabinon gidansu, yayarsa Damyana kuma ta hau rufin ɗaki tana kaɗa masa baƙin mayafinta har jirgi ya ɓace.

Da shigowar sanyi Damyana ta rasu. Ammu Ishaq bai iya zuwa jana'iza ba. Ya wuni a baranda, Abakar kuma ya zauna kusa da shi.

Bayan an gama bikin Kirsimetin Ƙibɗawa, a tsakiyar watan da suke kira Tuba, lokacin da sanyin Alƙahira ke ratsa bango, ɗan Damyana ya zo daga ƙauye da wani kwando. Ya gaida kawunsa, ya sha shayi a tsaitsaye, ya ce motarsa za ta tashi. A bakin ƙofa, ba tare da ya dubi tsohon ba, ya ce zai yi wa 'ya'yansa gini a tsakar gida, don haka an sare itacen inabin. Ya sauka da sauri.

Abakar ya zazzage kwandon a kan tebur. Burodin kudu ne mai kauri, da tsohon cuku a cikin tulu, sai wani abu da aka naɗe da tsohuwar jallabiya. Ya warware, ya ga koriyar kwalba, an toshe bakinta an kuma ɗiga mata kakin kyandir. Ya ɗaga ta wajen haske ya ga abin ciki baƙi-ƙirin, sai a wuya ne ja ke ɗan bayyana. Nan take ya gane. Ya ajiye ta a hankali, ya goge tafin hannunsa a jikin riga.

"Kawo ta nan," in ji Ammu Ishaq. "A'a, bar ta, ina ganinta daga nan. Ka san mece ce wannan?"

"Giya ce, Ammu."

"Giya ce, ƙwarai. Amma ba irin ta kanti ba." Ya zuba wa kwalbar ido. "Akwai wani inabi a ƙauyenmu, ba za ka taɓa ganinsa a kasuwa ba. Muna ce masa Abu Zarayir, don 'ya'yansa ƙanana ne kamar maɓallin riga. Baƙi ne, fatarsa kauri, cikinsa duk ƙwallo. Ba mai sayensa, ko tsuntsu sai ya rasa abin ci yake waiwayarsa. Kakana ya dasa shi a jikin rijiya. Idan zafi ya kai ƙarshe sai a tsinke, a shanya a rufin ɗaki har ya fara yamushewa, a matse da hannu, a zuba a tulun ƙasa a ajiye a ɗaki mai duhu. Ana kai wa coci nata, sauran kuma sai ranar biki, kowa ɗan kaɗan a kofin shayi. Bayan mahaifinmu Damyana ce ta riƙe aikin. Maƙwabta duk sun tuge nasu sun sa mara ƙwallo, namu kaɗai ya rage. Yanzu ka ji abin da yaron nan ya ce."

"Na ji, Ammu. Ma'alish, sai haƙuri."

"Yalla, maza ɗauko wuƙa ka kankare kakin nan. Ɗan kaɗan za ka zuba mini."

Abakar ya tsaya inda yake. Ya ji kunya ta rufe shi, don tsohon bai taɓa roƙonsa abin da ya ƙi ba.

"Ammu Ishaq, ka ce in goya ka daga nan har ƙauyenku, wallahi zan goya ka. Amma wannan ba zan buɗe ba, ba kuma zan zuba ba. Addinina bai bar ni ba. Ka bari Samar ta dawo."

"Samar tana asibiti har Juma'a, in ta shigo ina barci, in na tashi ta fita. Wa ya ba ni tabbacin zan kai Juma'a?"

"Allah Zai kai ka."

"Kai kake wanke mini kashi, Abu Nuha. Wannan ce ta fi ƙazanta?"

"Ba maganar ƙazanta ba ce, Ammu."

Tsohon ya miƙa hannunsa mai rawa ya jawo kwalbar da kansa. Ya so ya matse ta a cinya ya kankare kakin da farce, ta zame. Da ba don ta faɗa cikin bargon da ke ƙafafunsa ba, da ta tarwatse. Can tsohon ya juya fuskarsa wajen titi ya ce, "Khalas, shi ke nan. Mayar da ni ciki."

Sauran makon ba a yi hira ba. Abakar na yin aikinsa, tsohon na amsawa da ka. Kwalbar na nan kan kabad inda Samar ta ɗora ta. A motar komawa Arba wa Nus, matse tsakanin mutane, Abakar ya yi ta juya maganar. Bai yi nadamar ƙin da ya yi ba, amma fuskar tsohon lokacin da kwalbar ta zame ta ƙi barin idonsa.

Ranar Alhamis Abakar na ɗaure wa tsohon igiyar takalmi sai ya ji hannunsa a kansa.

"Gobe ba ranar aikinka ba ce, na sani. Amma in ka sauko daga masallaci ka biyo. Ba abin da za ka taɓa. Samar 'yar birni ce, ba ta san ƙasa ba, ba ta san rijiya ba. Ina son wanda ya taɓa shuka abu ya kasance a wurin."

"Ba zan zauna a teburin ba, Ammu."

"Zauna a kan fanka in ka ga dama. Ka dai zo."

Ya zo. Rana ta karkato ta cika barandar da ɗumi, a ƙasa mai sayar da tukunyar gas na ƙwanƙwasa ƙarfe yana wucewa. Samar ta kawo masa shayi, ya ja kujera ya zauna daga cikin falo, a bakin ƙofar baranda, inda yake ganinsu su ma suna ganinsa. Ita ta kankare kakin, ta ja toshiyar da ƙyar, ta zuba a ƙaramin kofin shayi bai kai rabi ba.

"Iyakarka ke nan, Baba. Ka san magungunanka."

Bai saurare ta ba. Ya ce ta ɗaga masa kofin wajen rana. A cikin haske abin ya daina zama baƙi. Ja ne mai duhu, ya fi zoɓon da aka jiƙa tun safe, a gefe-gefe kuma ya koma launin jan bulo. Ba garau yake ba, akwai ɗan gari-gari da ke yawo a ƙasa.

"Haka yake," in ji tsohon. "Damyana ba ta tacewa sai da tsumma. Kawo."

Ta tallafa masa hannu ya kai hanci, ya daɗe yana shaƙa idonsa a rufe. Sannan ya kurɓa. Wani ya zubo ta gefen bakin da ya mutu ya gangara haɓarsa, Samar ta goge. Ya haɗiye, ya jira. Abakar ya ga fuskarsa tana sauka a hankali.

"Ba komai," ya ce. "Ruwa ne. Ruwan sanyi kawai nake ji." Muryarsa ta karye. "Harshen ma ya tafi. Ta yi wahalar banza, ta aiko wa gawa."

"Baba, kar ka ce haka. Bari in ji." Samar ta ɗan taɓa a leɓe, nan take ta yamutsa fuska. "Kai! Wannan ai kama baki yake yi, kamar na tauna ɓawon rumman. Har haƙorana sun bushe."

Tsohon ya buɗe ido. "Ɓawon rumman kika ce?"

"Ga tsami, ga ɗaci."

"To shi ne! Shi ne, 'yar nan. Fatar ce, ita ke kama baki. Wanda bai sani ba a nan yake tsayawa ya ce ba daɗi." Ya gyara zama. "Ba ni. Sanyi ya yi masa yawa, tun daga ƙauye yake cikin sanyi."

Ya rungume kofin a tafinsa, ya manna shi a ƙirji cikin rigar sanyi, suka zauna suna jira. Shayin Abakar ya huce a hannunsa. Da tsohon ya sake kaiwa baki, sai ya karkatar da kansa dama, ya bar 'yar kurɓar ta kwanta a ɓangaren harshen da ke da rai. Bai haɗiye da wuri ba. Ya ɗan ja iska ta baki, ya rufe, ya fitar ta hanci.

"Ga shi nan," ya ce a hankali. "Yana zuwa."

Samar ta durƙusa kusa da shi.

"Da farko tsami, kamar ɗanyen tuffa. Sai ya kama baki. In ka yi haƙuri ya sake ka, sai zaƙi ya biyo daga can baya, ba zaƙin sukari ba, na busasshen abu, kamar dabinon da ya kwana biyu a buhu. Wannan shanyar rufin ɗaki ce." Ya sake kurɓa, ƙanƙanuwa. "A ƙarƙashin duka kuma akwai tulun. Ƙasa. Kin san ƙanshin tsakar gida idan an yayyafa ruwa da la'asar? Ba ki sani ba. Abu Nuha ya sani."

"Na sani, Ammu," in ji Abakar daga bakin ƙofa.

"Bana Damyana ta bar shi ya daɗe a rana. Ya fi na da nauyi, har da ɗan ƙauri a ƙarshe. Ƙafafunta ne, na tabbata. Ba ta iya hawa rufin ta kwashe da wuri, sai ta jira wani ya zo." Hawaye na bin ɓangaren fuskarsa mai motsi da mara motsin duka. "Da ciwo ta yi shi. Ina jin ciwon a ciki."

Bai shanye ba. Ya bar ɗan saura a kofin yana ta kai shi hanci. Iska ta taso daga titi ta bi ta kansa ta shigo falo, ta kawo wa Abakar ƙanshin. Ya so ya kau da kai, amma kafin ya kau abin ya riga ya shige shi, kuma ba abin da ya zata ya ji ba. Tsami-tsami ne mai ɗumi, da zaƙi a bayansa, irin na abin da aka rufe aka bar shi ya tashi. Ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa don kar ya suɓuce.

"Me ya faru, Ammu Abakar?" in ji Samar.

"Ba komai. Wane wata muke ciki a lissafinmu? Rajab, ko?" Ya shafa fuska. "A gida yanzu ne mata ke haɗa hilu-mur."

"Mene ne shi?" in ji tsohon.

"Abin shan buɗa-baki ne, ba ya sa maye. Jar dawa ake jiƙawa a shimfiɗa a buhu har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama. A zuba citta da kirfa da tsamiya da zoɓo da su kanumfari, a rufe a babbar roba a bar shi ya yi tsami. Idan kullun ya tashi, gidan duka haka yake ƙanshi, kusan irin wannan. Sai mata su taru, yau gidan wannan gobe gidan waccan, suna gasa shi fale-fale a kan faranti, hayaƙi na shiga musu ido suna ta dariya. Da azumi a jiƙa a tace. Ja ne shi ma. Zaƙi da ɗaci tare."

"Matarka ta iya?"

Abakar ya yi 'yar dariya. "Awadiyya? Ita ake kira ta ɗanɗana kullun kowa. Ta lakata da yatsa ta ce wannan ya kwana ɗaya nan gaba, wannan a ƙara masa citta. Ni kuwa aikina faskare. In ta gama ranar gasawa, idonta ja, mayafinta duk hayaƙi, sai ta zo ta zauna kusa da ni ta ce kar in kuskura in ce tana wari." Ya tsaya. "Azumin bara a nan muka yi shi. Nuha ta sayo na leda a wurin wata mata. Mun sha dai."

"Bana za ta yi?"

"Ban sani ba, Ammu. Waya sai an yi tafiya ake samun layi, ita kuma ba ta iya barin tsohuwa. In saƙonta ya shigo, gajere ne. Muna lafiya, ku kula da kanku. Ban ma san ko akwai dawar ba. Matan da suke taruwa kuwa, wasu na Gadarif, wasu na Habasha, wasu na nan."

Ammu Ishaq ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙa wa Samar kofin.

"Rufe kwalbar da kyau. Kowace Juma'a ɗan kaɗan. Za ta kai ni Ista."

Ba ta kai shi yadda ya so ba. An sake buɗe ta sau ɗaya, Juma'ar da ta biyo, ya ce ranar ya fi jin dabinon. Kafin wata Juma'ar sanyi ya sauka masa a ƙirji, numfashi ya gagara, aka kwantar da shi a asibiti. Ya daɗe a can. Abakar ya yi azuminsa tsakanin Arba wa Nus da bakin gadon tsohon, yana juya shi, yana shafa masa mai a baya, wani lokaci ya sha ruwa a barandar asibiti da dabino da ruwan famfo. Ba wanda ya tuna da kwalba. Tana can kan kabad, toshiyar da ta ɗan farfashe wajen buɗewa ba ta zauna daidai ba, zafi kuma ya fara shigowa gari.

Da aka sallamo shi, ya rame har Abakar na ɗaukarsa kamar yaro. Abin da ya fara tambaya bayan an zaunar da shi a baranda kwalbar ce. Samar ta ɗauko, ta ja toshiyar, tun kafin ta zuba warin ya bugi hancin kowa. Ta dubi mahaifinta.

"Baba... ta juye. Ta zama khal, ruwan tsami."

Ya ce ta kawo duk da haka. Ya shaƙa sau ɗaya ya kau da kai. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba.

"Da na sani da na shanye ta ranar," ya ce. "Ina ta tattali. Zubar da ita."

Samar ta nufi kicin da kwalbar. Abakar ya bi ta da ido, sai ya ji bakinsa ya ce, "Dakata, 'yata. Kar ki zubar tukuna. Ba ni zuwa gobe."

A masallacin da yake sallar la'asar a Abbasiya akwai ɗaliban ilimi 'yan Najeriya da ke haya a unguwar, yakan tsaya su gaisa da Hausa, suna dariyar irin tasa Hausar yana dariyar tasu. Ya ja babbansu gefe, wani mai suna Ukasha da ke karatun fiƙihu, ya ce yana da tambaya. Ya tuna wani abu da ya taɓa ji wurin malaminsu a Mai Wurno, amma yana so ya tabbatar. Giyar da ta juye ta zama khal da kanta, ba wanda ya sa mata komai, mene ne hukuncinta?

"Da kanta ta juye, Baba?"

"Mantawa aka yi da ita a kan kabad."

"To ai ta tsarkaka. Khal ce kamar kowace khal, malamai ba su yi saɓani a kan wannan ba. Ka ci abinka."

Washegari Abakar ya shigo da tumatir da kokwamba da albasa da ya saya a bakin tasha. Ya yanka su da kansa, ya barbaɗa gishiri, ya zuba mai. Sannan ya ɗauko koriyar kwalbar daga kicin, ya kawo ta baranda a hannunsa, ya buɗe a gaban tsohon. Ammu Ishaq ya bi hannun da kallo.

"Abu Nuha, kai ne da kwalbar nan?"

"Yanzu ta halatta gare ni, Ammu. Na tambaya."

Ya ɗiga a kan kayan, ya juya, ya jawo kujerarsa har jikin teburin ya zauna. Ya gutsuri burodi ya dangwala a ruwan da ya taru a gindin kwano, ya sa wa tsohon a ɓangaren dama na bakinsa, sannan ya yi bisimilla ya kai nasa.

Tsamin ya fara dukansa har ya runtse ido. Ya fi lemun tsami kaifi, ya hau masa hanci. Bai yi saurin haɗiyewa ba, ya yi yadda ya ga tsohon ya yi. Da kaifin ya lafa sai ya ji bakinsa ya ɗan kame, daga can baya kuma wani abu mai nauyi ya taso, kamar busasshen 'ya'yan itace, kamar ruwan da ya kwana a sabuwar randa.

"Akwai tulun," ya ce.

"Ka ji shi?"

"Na ji shi. Ƙasarku jar ƙasa ce?"

"Baƙa ce, ta bakin kogi. Tulun ne na jar ƙasa, daga garin Ƙina ake kawo su." Tsohon ya tauna a hankali. "Ba abin da Damyana ta yi ba ke nan. Zaƙin ya tafi. Da ka ji shi ranar farko, Abu Nuha."

"Na ji a bakinka, Ammu."

"Ba ɗaya ba ne." Ya buɗe baki a ƙara masa. "Amma inabinmu ne. Ko a haka na gane shi."

Suka cinye kwanon tas. Da Samar ta dawo ta tarar da su, ta tsaya tana kallon teburin. Da Abakar zai tafi ta tsiyaya masa rabin abin da ya rage a wata 'yar kwalbar magani da ta wanke, ta ce ya kai wa Nuha.

Ya isa Arba wa Nus ana kiran magariba. Nuha na tsugune tana haɗa salatin tumatir da tunkuzar gyaɗa irin na gida, tana cewa lemun tsami ya ƙare, bari ta leƙa wurin maƙwabta. Ya ce ta bari, ya miƙa mata 'yar kwalbar. Ta shinshina ta ɗaga gira.

"Khal ce? Daga ina, Baba?"

"Daga wani inabi da babu shi yanzu. Zuba kaɗan, tana da ƙarfi. In mun zauna zan ba ki labarin."

Bayan salla suka zauna a tabarma da kwano a tsakaninsu. Ta kai loma ta farko, ta juya ta a baki, ta gyaɗa kai.

"Da daɗi. Wani iri ne, amma da daɗi." Ta sake ɗanɗanawa. "Da Umma na nan da ta ce gishiri bai ji ba."

Ta faɗe shi ne da wasa, amma daga ita har shi ba wanda ya yi dariya. Nuha ta sunkuyar da kai tana kallon kwanon. A ƙasa yara na buga ƙwallo a lungu, wata mata na ƙwala wa ɗanta kira daga taga. Abakar ya miƙa hannu ya jawo gwangwanin gishiri, ya ɗiba da yatsu ya barbaɗa, ya juya, suka ci gaba da ci.